Baƙo A Kara, Me Za Ka Fara Faɗa?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda yaranmu ke shiga karar da ba a san su ba, ko gaisuwa ba su gama ba sai ka ji: "Tirela kaza nake lodawa duk mako, Alhaji wane abokina ne." Wannan tallar aljihu ce, kuma dillalai na saurare.

Ni ma na taɓa yi. A 1994, shekarar da aka karya darajar sefa, na fara koro shanu daga Damagaram zuwa wata kara ta bakin iyaka. Ban nemi mai masauki ba, na tsaya ina cika baki kan garken ubangidana. Wani dillali ya yi ta yaba ni, ya karɓi bijimai biyar bashi, wai sai kasuwa mai zuwa. Kasuwa uku ina zarya. Da na kai kuka wurin sarkin kara, tambayar farko da ya yi mini ita ce, "Yaro, baƙon wa ne kai?" Na rasa amsa.

To, a ganina amsar nan ita ce rabin gabatarwa. Bayan sallama da gaisuwa, ka faɗi sunanka da na mahaifinka da garinku, sannan wanda ya turo ka da gidan da ka sauka. A Maigatari ko Potiskum ko Kumasi, mutumin da ya tsaya maka ake dubawa kafin a dubi shanunka, domin in rigima ta tashi shi za a nema, kai ka riga ka tsallake iyaka. Kada ka ari sunan wanda bai san ka ba. Yau waya na hannun kowa, kafin ka gama shayi an tambayo. Da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023, har zuwa Maris 2024, na ga waɗanda aka ba shanu bashi ta waya saboda wanda ya tsaya musu kawai.

Sai kaya. Kai nawa ne, Azawak ne ko Bunaji ko Gudali, kuɗi hannu kake so ko ka yarda da jinkiri. In akwai mai tari ko ɗingishi ka nuna shi da kanka, tun a Islamiyya aka koya mana ɓoye aibi haramun ne, kuma ai mahauci zai gani.

Wani abu da ke haɗa faɗa: ka bayyana da wane kuɗi kake magana. Jaka a wurinmu sefa 1,000 ce, a bakin dattawan Kano kuwa naira 200. Na ga an rantse da Allah a kan wannan, alhali kowa gaskiya ya faɗa.

Daga nan ka yi shiru, ka bar mai masaukinka ya ƙarasa. La'adarsa ke nan.