Kumfa A Cikin Zubi: Wace Na'ura Za A Fara Saye?

 A wannan wata zan amsa wasiƙar wani tsohon ɗalibina ne da ke zaune a Tamale. Yaron, ko in ce magidancin, don yanzu har da iyalinsa, yana taɓa aikin zubi da rezin idan ya taso daga aiki. Yana yin maƙalan makulli da ƴan kunne da lambobin yabo irin waɗanda makarantu ke rabawa ranar ba da kyaututtuka. Ya ce kumfa ta hana shi sakat: cikin abu goma da ya zuba, da ƙyar yake samun huɗu da zai iya nuna wa mai saye ba tare da jin kunya ba. Ya tara ƴan sidi yana so ya sayi famfon zuƙe iska, shi ne yake neman shawara kafin kuɗin su bar hannunsa.

Ga wanda bai san aikin ba, rezin ruwa ne iri biyu da ake haɗawa a gauraya, su daskare su zama abu mai tauri, wani garau kamar gilashi. Silikon ma haɗi biyu ne, amma shi roba mai laushi yake zama. Ana kwarara shi a kan abin da ake so a kwafa, in ya kama a ɓare, an sami mazubi ke nan. Dabarar ba baƙuwa ba ce, domin maƙeran fari sun daɗe suna zubin tagulla da kaki da yumɓu. Bambancin shi ne nasu mazubin fasa shi ake yi bayan zubi ɗaya, na silikon kuwa yakan ba da gommai. Ni kaina da shi nake yi wa ƴan ajina haruffa da siffofin lissafi, da ƙwari a cikin rezin don darasin kimiyya.

To, kumfar nan iska ce da muke turawa ciki da hannunmu lokacin gaurayawa. Silikon yana da kauri kamar zuma, saboda haka iskar ba ta iya tasowa ta fita kafin ya kama. Idan ƙwayar iska ta tsaya a fuskar mazubi, kowane abu da aka zuba a ciki sai ya fito da ƙurji a daidai wurin, har ranar da aka jefar da mazubin.

Maganinsa shi ne a sa haɗin a tukunya mai murfi a zuƙe iskar da ke ciki. A nan sai malamin makaranta ya ɗan yi halinsa. Iskar da ke kewaye da mu tana da nauyi, kusan kilo ɗaya a kan kowane santimita murabba'i. Wani Ba'italiye mai suna Torricelli ne ya auna shi a 1643, ya ga yana iya riƙe zaiba a cikin bututu har tsawon milimita 760, wato inci 30 saura kaɗan. Shi ya sa agogon awon da ke kan irin wannan tukunya yake tashi daga 0 ya tsaya a 30. Abin da silikon ke bukata shi ne allura ta kai wajen 29. A nan ne zai kumbura ya ninka kansa sau uku ko huɗu, ya yi ta tafarfasa, sa'an nan ya faɗa ƙasa da kansa. Faɗawar nan ita ce shaidar aiki ya yi. Idan allura ta tsaya a 25, silikon zai taso ya tsaya yana kallonka, kai ma kana kallonsa, har lokacin aikinsa ya ƙare.

Na san wannan ne domin ya faru da ni. Da na fara, na je Suame Magazine a nan Kumasi na sayo tsohon kwampreson firji, don an ce yana zuƙa. Yana zuƙa kam, amma nawa bai taɓa kai ni inda ake bukata ba, ga jinkiri, ga feshin mai. Laifina ne, araha na bi. Injin shara na lantarki kuwa kada ma a fara, iska mai yawa yake ja amma ba ya rage nauyinta sai ɗan kaɗan.

Famfon da ya dace ba sai an aika Turai ba. Shi ne wanda masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ke zuƙe bututu da shi kafin su ɗura gas, kuma a shagunan kayan aikinsu ake samunsa. Mai yake sha, kuma akwai mai hawa ɗaya da mai hawa biyu. Mai hawa biyu ya fi zuƙa da zurfi, ya kuma fi tsada, amma mai hawa ɗaya mai lafiya ya isa aikin silikon. A jikinsa za a ga an rubuta CFM, wato yawan iskar da yake ja a minti ɗaya. Mai lamba 3 yana jan kusan lita 85, kuma ya wadatar da tukunya mai cin lita 10 zuwa 12. In tukunya ta fi haka girma sai a nemi babba, domin a zafin ƙasarmu silikon yana kamawa da wuri fiye da yadda aka rubuta a gwangwaninsa. A kuma duba wuta. Tamu a Gana 230 ce, ta Amurka kuwa 120, saboda haka famfon da ɗan'uwa ya aiko daga can sai da taransifoma, in ba haka ba ya ƙone tun ranar farko.

In na hannu za a saya, ga gwajin da ba ya ƙarya. A sa rabin kofin ruwa a tukunya, a rufe, a kunna. Famfo mai ƙarfi zai sa ruwan ya tafasa sosai ba tare da wuta ba, ba ƴan ƙananan ƙwayoyi a gefen kofi kawai ba. Ruwa mai ɗumin ɗaki ba ya tafasa sai allura ta kusa 29, don haka ya fi agogo mai araha gaskiya. Sai dai tururin yana ɓata mai, a canja shi bayan gwaji. Man da ya yi fari kamar nono ya sha ruwa, kuma ba man mota ake zubawa ba, yana da nasa.

Tukunya kuwa, ta ƙarfe mai kauri ce ake so, da zoben roba a baki, da murfin da ake ganin ciki. Murfin nan shi ne wurin haɗari. Mu yi lissafi: murfi mai faɗin santimita 25 yana da fili kusan santimita murabba'i 490, wato nauyin da ke kansa ya kusa kilo 500, buhun siminti goma ke nan. A shekarun 1650 Otto von Guericke, magajin garin Magdeburg a Jamus, ya haɗa ƙwarya biyu na tagulla ya zuƙe iskar ciki, aka ɗaura dawaki ta kowane gefe suka kasa raba su. Wannan ƙarfin ne wani zai ce zai tare da gilashin taga. Sai dai a nemi roba mai kauri da aka yi don wannan aiki, ko gilashi gasasshe, kuma da an ga tsaga ko yaya take, a jefar. Bawul biyu ake bukata, ɗaya na shigo da iska a hankali in haɗin ya so zubewa, ɗaya kuma tsakanin famfo da tukunya. Na biyun ya fi muhimmanci ga mu da wuta kan ɗauke mana ba sallama, domin in famfo ya tsaya hanya tana buɗe, tukunya na iya zuƙo mai ta cikin tiyo ya malale a kan haɗin.

Amma da na sake karanta wasiƙar, sai na ga ɗalibina ba mazubinsa yake kuka da shi ba. Kumfar a cikin rezin ɗin take, kuma wannan wata magana ce dabam. Rezin mai saurin kamawa, wanda ake kira foliyuritan, wani minti uku zuwa biyar kawai yake bayarwa, ina lokacin zuƙa? Mai jinkirin, wato efokzi, yana yarda a zuƙe shi, amma wajen kwararawa sai wata iskar ta sake shiga lungunan mazubi. Abin da masu zubi garau ke yi shi ne akasin zuƙa: su sa mazubin da rezin a tukunyar matsi, irin ta masu fentin feshi, su ɗura iska har lamba 40 zuwa 60 a agogo irin na masu faci, su bar shi ya daskare a haka. Tayar ƙaramar mota talatin da ƴan kai take sha, sai a kwatanta. Matsin yana danne ƙwayoyin har ido ya daina ganinsu. Kada a wuce lambar da aka rubuta a jikin tukunyar, kuma kada wani ya yi gangancin ɗura wa tukunyar girki iska, ba a yi ta don haka ba.

Sharaɗi ɗaya ne: mazubin da zai shiga matsi dole ya zama ba iska a jikinsa, in ba haka ba ramukan ɓoye su lotsa, abu ya fito da ƙuraje. Ko dai a zuƙe silikon ɗin, ko a bar shi ya kama a cikin tukunyar matsin. Saboda haka shawarata gare ka, ɗana, ka fara da tukunyar matsi da ƙaramin kwampreson iska. Rezin kullum kake zubawa, mazubi kuwa sai wata-wata, kuma ranar da za ka yi shi kana iya biyan mai gyaran firji na unguwa ya ara maka famfonsa na sa'a guda.

Akwai kumfar da ba famfo ba matsi da zai raba ka da ita gaba ɗaya. Foliyuritan in ya haɗu da danshi, gas yake haifarwa da kansa. Ku a Tamale hunturu yana taimakonku, amma da damina ka riƙa rufe gwangwani da zarar ka ɗiba, ka bar gauraya da itace mai sanyi ko kofin takarda, ka koma na roba busasshe. In ka lura kumfar ta fi yawa daga Yuli zuwa Satumba, ka fara gwada wannan tukuna, ka rubuto mini abin da ka gani.