Sharhi: Ƙananan Ƙere-ƙere Na Bukatar Kariyar Doka

Duk wanda ya san kasuwar Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ya san irin baiwar da Allah Ya yi wa maƙera da masu waldar ƙasar nan. Haka abin yake a garuruwa da ƙauyukanmu, inda ake ƙera injinan ɓare gyaɗa da na sussukar gero, da garmar shanu, da murhu mai tsimin itace. Sau da yawa wani yakan ɓata watanni yana gwaji da kuɗinsa har ya gano gyaran da zai sa injin ya daina fasa ƙwayar gyaɗa. Da zarar ya kai kasuwa, sai wani mai jari ya sayi guda, ya kwance, ya kwaikwaya, ya cika gari da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Dokar da ke kula da wannan fanni a Nijeriya ita ce dokar mallakar ƙirƙira da zane ta 1970. Tana ba da takardar mallaka ta shekaru 20 bisa sharuɗɗa uku: abin ya zama sabo, ya kasance ya fito daga zurfin tunanin da ba kowane masanin sana'ar zai hango ba, kuma a iya sarrafa shi ko a yi aiki da shi a masana'antu ko noma. Sharaɗi na biyun shi ne ke kayar da yawancin masu sana'o'inmu, domin aikinsu gyara ne ga abin da ake da shi. Ofishin rajista da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya tantance ingancin ƙirƙirar. Saboda haka mutum na iya samun takarda, amma ranar da aka je Babbar Kotun Tarayya a soke ta. Rajistar zane kuwa, wadda ke iya kaiwa shekaru 15, siffar kaya take karewa, ba yadda yake aiki ba.

Wasu ƙasashe sun daɗe da toshe wannan giɓi ta hanyar ƙaramar takardar mallaka, wadda aka tanada musamman don ƙananan ƙere-ƙere masu amfani. Jamus ta kafa dokarta a 1891, Japan ta bi sahu a 1905 lokacin da ƙananan masana'antunta ke tasowa. A ƙasar Sin, an shigar da bukatu kusan miliyan 3 na irin wannan takarda a 2022 kaɗai. Tsarin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma galibi ana sassauta sharaɗin zurfin tunani ko a cire shi, kuɗin rajista kaɗan ne, takarda na fitowa cikin watanni, wa'adin kariya kuma gajere ne, tsakanin shekaru 7 zuwa 10.

Ba sai mun je nesa ba. Jamhuriyar Nijar da Chadi da Kamaru suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. A ƙarƙashinta, maƙeri a Maraɗi ko Damagaram zai iya shigar da bukata guda ya samu kariyar shekaru 10 a ƙasashe 17. Gana ma ta tanadi irin wannan takarda ta shekaru 7 a dokarta ta 2003. Nijeriya ba ta cikin OAPI, kuma dokarmu ta 1970 ba ta ware babi ga wannan tsari ba. Ke nan ɗan'uwanmu na tsallaken iyaka yana da ƙofar da maƙerin Daura ko Maigatari ba shi da ita, alhali sana'a ɗaya suke yi, kasuwa ɗaya suke ci.

Kada a raina ƙaramar dabara. Marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya ba tare da lantarki ba, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Irin waɗannan dabaru su ne ke rage asarar manomi da wahalar mata a karkara. Idan mai ƙirƙira ya san ba zai ci gajiyar wahalarsa ba, ko dai ya ɓoye abin da ya gano, ko ya daina gwaji, al'umma ce kuma ke asara.

Sai dai wajibi ne mu faɗi ɗaya ɓangaren. Takardar da ake bayarwa ba tare da bincike ba tana iya zama makami a hannun mai ƙarfi. Wani kamfani na iya yin rajistar abin da maƙera suka gada kaka da kakanni, sannan ya dawo yana yi musu barazanar shari'a. Ostireliya ta daina karɓar sababbin bukatu a irin wannan tsari a 2021, bayan bincike ya nuna cewa ƙananan masu sana'a ba su amfana yadda aka zata ba. Don haka muna ganin duk dokar da za a yi ta tilasta bincike kafin mai takarda ya kai wani kotu, ta kare wanda ya riga ya fara ƙera abin, ta kuma sauƙaƙa hanyar soke takardar bogi.

Lokaci ya yi da za a duba batun. Ƙasar nan ta samu dokar kare sababbin irin shuka a 2021, an sanya hannu kan sabuwar dokar haƙƙin mallakar adabi da fasaha a 2023, kuma a watan Fabrairun 2023 shugabannin Afirka suka amince da yarjejeniyar mallakar fasaha ta kasuwar bai-ɗaya ta nahiyar, wadda ta ambaci ƙananan ƙere-ƙere. Kundin tsarin mulki ya bar yin wannan doka ga Majalisar Tarayya kaɗai, saboda haka sanatoci da wakilanmu ne ya kamata su ji kokenmu.

Kafin nan, akwai abin da za a iya yi. Masu sana'a su sani cewa doka na ba da haƙƙi ne ga wanda ya riga shigar da bukata, kuma baje kolin sabon abu a kasuwa kafin rajista yana iya zubar da sabuntarsa. A riƙa ajiye zane da hotuna masu kwanan wata, a rubuta yarjejeniya kafin a nuna wa mai jari. Hukumar NOTAP da ke Abuja tana taimaka wa 'yan ƙasa wajen shigar da bukata, tana kuma da ofisoshin tuntuɓa a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da dama.

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da sassan noma da na ayyuka, tare da hakimai da dagatai da sarakunan maƙera, da su tattara sunayen masu irin wannan basira a yankunansu, su haɗa su da waɗannan ofisoshi, su kuma fifita kayansu wajen sayen injinan da ake raba wa ƙungiyoyin manoma da na mata. Ƙungiyoyin masu sana'a kuwa su haɗa kai su ɗauki nauyin rajistar 'ya'yansu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.