Raddi ga Masu Jera Ginin Manhaja da Agogo

Wasu masu rubuta manhaja suna ganin cewa idan ayyuka masu dogaro da juna suna kan uwar garke ɗaya, wato kwamfutar da take harhaɗa manhaja ta gwada ta duk sa'ad da aka yi gyara, to ya isa a yanka wa kowane aiki lokacinsa, a gina tushe da sha biyun dare, a gina mai dogaro da shi da ƙarfe ɗaya. Hujjojinsu uku ne.

Ta farko, wai tazarar sa'a guda ta wadatar. Amsa ita ce agogo lokacin farawa kaɗai ya sani. Maginin ƙasa a Garki ba ya ɗora azara don kwana biyu sun cika, sai ya taɓa bango ya ji ya bushe, haka kuma ginin minti goma yakan ci sa'a biyu idan aka ɗauke wuta ko intanet ya yi rauni. Mafi muni, idan ginin tushe ya faɗi, na biyun zai ɗauki kwafin jiya ya ci gwaji da shi, uwar garke ta ce lafiya lau, wanda shaidar zur ce.

Ta biyu, wai bayyana dogaro wahala ce, alhali an daɗe da sauƙaƙa shi. Tun 1962 wani masani mai suna Kahn ya wallafa hanyar jera ayyuka, inda ake farawa da wanda ba ya jiran kowa, a cire shi, a sake dubawa. Stuart Feldman ya rubuta Make, manhajar da ke gina ayyuka bisa dogaronsu, a 1976, wata manhajar gini mai suna Maven tana karanta dogaron kowane sashe ta jera su da kanta, sannan a kan uwar garke ana iya saita Jenkins, wanda sunansa Hudson kafin 2011, kada ya tayar da mai dogaro sai tushe ya yi nasara.

Ta ukun tana da ƙamshin gaskiya. Wai idan aka bar agogo, tushe ɗaya ya tayar da ayyuka biyu, su kuma kowanne ya tayar da na huɗu, za a gina na huɗun sau biyu, na farko da kaya rabi sabo rabi tsoho. Maganinsa a sa na huɗun ya jira dukansu biyu, abin da agogo ba ya iyawa. Haka nan idan ayyuka biyu suka zamo kowanne yana jiran ɗan'uwansa, Maven yakan ƙi ginin ya ambaci sunayensu, yayin da jerin agogo zai ci gaba da gina su kowane dare ba tare da kowa ya farga ba.