Ba fuska ake saye ba, inji ake saye: zare kan tsofaffin agogo

1/
Jama'a, yayin tsohon agogo ya shigo makaranta. Kowa so yake a gan shi da Seiko 5 ko Rado irin wanda alhazai ke dawowa da shi tsaraba daga Makka. Ni ma na bi yayi, kuma na sha. Ku zo ku ji kafin a yi muku sakiyar da ba ruwa.

2/
Zangon da ya wuce na tara kuɗin abincina na sayi Seiko 5 wajen wani mai talla a intanet. Fuska shuɗiya tana walƙiya. Ya ce na 1983 ne, ba a taɓa buɗe shi ba. Sati biyu da saye ya fara latti, har ya kusa sa ni makara a jarrabawa.

3/
Na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a kasuwa. Ya kwance marfin baya, ya saka madubinsa a ido, ya yi shiru. Can ya ce, "Yaro, agogo uku ka saya a kuɗin ɗaya." Na ce, "Baba, ban gane ba." Ya ce in zauna.

4/
Ga abin da ya nuna min. A bayan Seiko akwai lamba mai kashi biyu, misali 7S26 sannan wasu lambobi huɗu. Kashin farko sunan injin ne, na biyu samfurin gidan. A ƙasan fuskar, kusa da ƙarfe 6, akwai ƙananan rubutu da ke maimaita sunan injin. A kan injin ma an zana shi. Dole ukun su yi magana ɗaya.

5/
Nawa fa? Baya ya ce 7S26. Fuska ta ce 21 jewels. Da aka leƙa ciki, 7009A ne, an rubuta 17, ga tsatsa. Fuskar kuma fenti aka sake mata, harafin S ɗin ma a karkace yake. Ni duk ban gani ba, walƙiya ta rufe min ido.

6/
Sai batun shekara. Akwai wata lamba mai guda shida a marfin. Ta farko ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka ƙera shi, ta biyu wata ne. Tawa da 3 ta fara, shi ya sa ya ce 1983. Amma 7S26 sai 1996 ya fito. Ke nan marfin na 2003 ne ko 2013. Da na san wannan, tun a hoto zan kama shi.

7/
Irin wannan haɗe-haɗen har suna gare shi a wajen masu tara agogo: Mumbai special, saboda yawancinsu daga Indiya ake haɗo su. A kwaso matattun agogo, a ɗauki inji nan, gida can, a yi wa fuska sabon fenti mai ɗaukar ido.

8/
Gwaji biyu da za ka yi ko ba a buɗe ba. Na ɗaya, kalli hannun sakan. Waɗannan injinan suna bugawa sau 21,600 a awa, wato sau 6 a sakan, don haka hannun kamar zamewa yake. In ka ga yana tsalle ɗai-ɗai, batir ne a ciki.

9/
Na biyu, 7S26 da 7009 ba a wana su da hannu, motsin hannunka ne ke ba su ƙarfi. Kuma in ka ja maɓallin saiti, sakan ba ya tsayawa. In an ce maka 7S26 ne amma sakan ya tsaya cak, to wani injin ne a ciki.

10/
In ɗan Suwizalan ne mai injin ETA, irin wanda ke cikin tsofaffin Rado da yawa, tambarin da lambar injin suna ƙarƙashin ƙaramar wilin nan mai kai-komo. Amma lamba kaɗai ba ta isa ba. A Seiko, a kan faifan da ke juyawa take, kuma ana iya sauya shi. Nemo hoton injin na asali ka gwada su ɗaya bayan ɗaya.

11/
Yanzu ra'ayina. Ba ni da rigima da agogon haɗi. In ka ce min haɗi ne, ka sa masa kuɗin haɗi, ciniki ya halatta. Rigimata da wanda zai ɓoye aibi ya kira shi na asali. Wannan algus ne, ba wayon kasuwa ba.

12/
Wani zai ce, ai tunda yana nuna lokaci shi ke nan, wa zai leƙa ciki? To wayarka ma tana nuna lokaci, har ta fi shi daidai. Abin da ya sa ka biya kuɗin tsohon agogo shi ne injin da tarihinsa. In babu su, me ka saya?

13/
Masu sayarwa kuma suna cewa buɗewa na ɓata agogo. Gaskiya ne in aka ba wanda bai iya ba, zai karce marfi ko ya lalata robar da ke tare ruwa. Amma a hannun gwani aikin minti biyu ne. Wanda ya hana ka ganin inji, cinikin biri a sama yake so ku yi. Kama gabanka.

14/
Mu ma da laifinmu. Mun iya tambayar lafiyar batirin waya kafin mu saya, amma agogo sai mu tsaya a "yana kyau a hoto". Ga dattawan masu gyara nan zaune a kasuwa da ilimin shekaru, ba mai tambayarsu.

15/
Da na koma gida hutu na ɗauko tsohon Seiko ɗin Abba daga durowa. Gilashi ya karce, fuska ta koɗe. Na kai wa Baba mai gyara, ya duba, lambobi uku duk suka dace. Na ce a yi masa fenti. Ya ce, "Kul! Wanke inji za mu yi, mu sa mai. Koɗewar nan ita ce shaidarsa."

16/
Shi ne a hannuna yanzu. Shuɗin kuwa yana cikin akwati, ba zan sayar wa kowa ba sai na faɗa masa gaskiya. In akwai tsohon agogo a gidanku, juya bayansa yau ka karanta lambar. Ku faɗa min abin da kuka gani.