SIGARIN LANTARKI DA MASU FAKEWA DA ƘA'IDAR FIƘIHU

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, wata sabuwar fitina ta fara biyo 'yan ci-rani zuwa ƙauyukanmu na ƙasar Bichi da Ɗambatta, wato sigarin lantarki. Ɗan bututu ne mai batir, yana ɗumama wani ruwa mai nikotin da ƙamshin kayan marmari, mai sha ya zuƙi tururinsa. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro shi a 2003. Masu tallarsa suna cewa magani ne na barin taba, har wasu masu guntun karatu suna kafa masa hujja da ƙa'idar nan ta ɗaukar mafi sauƙin cuta guda biyu.

Adalci ya wajaba ko a kan abokin husuma. Gaskiya ne babu ƙonawa a cikinsa, don haka babu kwaltar da ke cinye huhu, kuma likitocin gwamnatin Ingila suna ba manyan mashaya shawarar komawa gare shi. Amma malaman Usulu sun gindaya wa wannan ƙa'ida sharaɗi: sai ga wanda ya rasa mafita ta uku, kuma lalura ana auna ta ne gwargwadonta. Dattijon da ya shekara talatin yana zuƙa, ya gwada bari ya kasa, likita ya yanka masa wa'adi yana rage ƙarfin nikotin har ya yaye kansa, wannan muna iya sauraron uzurinsa. To, saurayi ɗan shekara goma sha bakwai da bai taɓa kunna kara ɗaya ba, wace cuta babba yake gudu da zai ɗauki ƙarama? Ƙamshin mangwaro don wa aka zuba shi?

Ku dubi kuma mai sayarwa. Kamfanin BAT, wanda Jihar Kano ta kai ƙara kotu a 2007 kan cutar da taba ke yi wa jama'a, shi ne mai sigarin lantarki na Vuse. Kura ce ta zo da maganin zawo! Indiya ta haramta shi ɗungurungum a 2019, Ingilar da ake kafa hujja da ita ma ta hana sayar da na sha-ka-yar a 2025.

Sannan a karkarar da gona ta tsuke, gado ya rarraba ta har magidanci ba ya noma geron shekara, kuɗin ruwan da ake sake ɗurawa daga rumbu zai fito, kuma wannan almubazzaranci ne.

Dokar hana yaɗuwar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara. Masu unguwanni da limamai su fara da teburan mai shayi da ke ƙofar masallatansu, su tambaya ko ana bin ta.