Wa Ake Yi Wa Bikin Ƙungiya?

Da zarar Sallah ta ƙarato, sai ƙungiyoyin mutanen Minna mazauna Ikko da Badun da Shagamu su ɗaura aniyar bikin shekara. Ma'aji ya ɗauki littafi ya bi mutane rumfa-rumfa. Ɗan Barkin Sale mai sayar da doya a Mile 12 ya ba da nasa, mai gadi a Apapa ya ba da nasa, mahauci a Agege ma haka. Wannan abu ne mai kyau, don wanda ya bar gida ba shi da dangin da ya wuce ɗan unguwarsu.

To, amma ga inda gizo ke saƙa. Sau da yawa shugabanni uku ko huɗu ne za su keɓe su yanke cewa a gida za a yi bikin, a can Barkin Sale, don a gayyato wani babban mutum ya zama uban taro. A kafa rumfuna, a ɗauko makaɗa da maroƙa, a fitar da anko. Ranar biki sai a duba kujeru a ga waɗanda suka tara kuɗin ba su nan. Suna can kudu suna tsaron kayan mutane.

Ai ba ƙin zumunci ya hana su zuwa ba. Daga Ikko zuwa Minna, ta Ilori da Jebba da Mokwa da Bida, tafiyar yini ce cur, in mota ba ta ba da wahala ba ke nan. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan ci-rani, balle mai iyali. Hanyar ma ba ta da tabbas. A ƙarshen Mayun 2025, saura 'yan kwanaki Babbar Sallah, ambaliya ta afka wa Mokwa, ta kashe mutum fiye da 150, matafiya kuma suka maƙale a hanya. Sallah kuwa kowace shekara tana matsowa da kwana 11 ko kusa da haka, kwamitin da bai duba wannan ba sai ya kafa rumfa a tsakiyar damina.

Abin da ya fi ciwo shi ne asusun da ake taɓawa. Kuɗin wata da ɗan ƙungiya ke biya, don ranar baƙin ciki yake biyan su: a kai marar lafiya asibiti, a yi belin wanda aka kama, a mai da matar mamaci da 'ya'yanta gida. Wanda ya ga rikicin kasuwar Shasha ta Badun a Fabrairun 2021 ya san yadda magidanci ke wayar gari ba rumfa, ba ɗaki, ba kuɗin mota. Ranar nan hoton babban baƙo da aka rataya a bango ba zai yi masa komai ba.

Ba wanda ya ce a daina biki. A yi shi inda mafi yawan 'yan ƙungiya suke, ko da a harabar wata makaranta ce, ranar Lahadi da ma'aikata ke hutu. A tuna kuma Barkin Sale unguwa ce ta Bahaushe da Banufe da Bagwari, Musulmi da Kirista, saboda haka kada kullum a ɗaura ranar da Sallah. Masu son a ga sunan ƙungiya a gida, su aika da gudummawa ga makaranta ko rijiyar unguwa.

Kuɗin biki kuwa a ware musu littafinsu dabam, a fara karo-karo tun wata shida kafin ranar, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Kafin a sauke tukunya ma'aji ya miƙe a gaban kowa ya karanta abin da ya shigo, da abin da aka kashe, da abin da ya saura a asusun taimako.