Icce Tun Yana Ɗanye A Kan Tanƙwara Shi

Makon nan zancenmu a kan haƙora ne, watau irin waɗanda kan fito a karkace, na sama su ƙi hawa kan na ƙasa daidai.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, akwai wani yaro a ajina, shekararsa 11, ga kaifin hankali, amma in na ce ya tashi ya yi karatu sai ya sa hannu ya rufe baki. Haƙoransa na gaba sun turo waje har leɓɓansa ba su haɗuwa, yara na kiransa Zomo. Ran nan wajen ƙwallo ya faɗi, ɗaya ya karye. Na tafi wurin ubansa, ya ce mini, "Malam, ai halitta ce, wa ya isa ya gyara?" Na ce, "Alhaji, da ƙafarsa ce ta karye, ashe ba ka kai shi wurin maɗori?" Ya yi shiru.

To, ga abin da likitoci suka sani. Haƙoran yaro na fari 20 ne, na babba kuwa 32. Kowane na fari yana riƙe wa magajinsa wuri. In tsutsa ta ci shi aka cire tun lokacin famfara bai yi ba, sai na kusa su matso su cike giɓin, sabon ya rasa hanya, ya ɓullo ta gefe. Wani kuma gado ne, ga manyan haƙora ga ƙaramin muƙamuƙi. Wani tsotson yatsa ne da ba a hana ba har yaro ya shiga makaranta, irin na yaron nan nawa.

A shekarar 1899 wani likitan Amurka, Edward Angle, ya kasa abin kashi uku. Na fari, turame sun haɗu daidai amma sauran sun cunkushe. Na biyu, na ƙasa sun ja da baya, na sama sun yi gaba. Na uku, na ƙasa sun wuce na sama. Har yau da wannan lissafi a ke aiki.

Kada wani ya ce zancen ado ne kurum. Wushirya dai ado ce wurinmu, ba ita na ke nufi ba. Amma haƙoran da suka hau juna asuwaki ba ya shiga tsakaninsu, sai abinci ya maƙale. Waɗanda suka turo waje sun fi saurin karyewa. Wani ba ya iya gatsar nama, wani haƙoran ƙasa na sukar dasashinsa na sama. Balle kunyar da kan hana yaro buɗe baki gaban jama'a.

Yadda a ke gyaran kuwa, likita kan manna 'yan ƙarafa a kan haƙora, ya ratsa waya, yana ɗan ƙara mata ƙarfi lokaci lokaci. Ƙashin da ke gaban haƙori ya riƙa narkewa, sabo na tsirowa bayansa, haƙorin na matsawa kamar milimita ɗaya a wata. Galibi a kan yi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, sa'an nan a ba mutum wani abin sawa da dare, don kada su koma gidan jiya.

Ba na ɓoye muku, aikin da tsada, masu yinsa kuma ba su da yawa, a kan same su a manyan asibitocin koyarwa irin na Kano da Ibadan da Legas. Don haka na ke roƙon iyaye abu uku. A tsare haƙoran fari daga ruɓa. A raba yaro da tsotson yatsa da lalama. A kai shi likita ya duba yana shekara 7, lokacin da turamen farko na manya sun fito, ƙashi kuma bai ƙosa ba. Babba ma a kan gyara masa, amma ina amfanin jira?

Malaman makaranta, ku ne ke kallon bakin yara kullum, ku riƙa faɗakar da iyaye. Alhaji dai ya kai ɗansa, an sa masa waya. Jiya ya yi karatu hannunsa na riƙe da littafi.